Tukunya Mai Shan Zufa

Masu wucewa ta gaban gidan nan mai doguwar katanga suna jin ƙarar inji daga safe har yamma, sai su ɗauka ma'aikaci ne ke yankan ciyawa. Mai gidan ne da kansa, kuma a cikin falo yake yankan. Wanda bai san dalili ba ya gyara zama, don waɗanda suka sani bakinsu ya yi nauyi.

Auta da Yayansa a kamfani ɗaya suke aiki, na gyaran ciyawar gidajen masu hali. Yaya ne ya raini Auta tun rasuwar iyayensu, shi ya koya masa riƙe inji da wasa almakashi. Mutum ne mai son aikinsa kamar me. In ya gama fili sai ya riƙe ƙugu, ya shaƙi ƙamshin ɗanyar ciyawa, ya ce, "Auta, dubi layi. Ko wanzami iyakarsa ke nan." Wuya ne kawai ke damunsa, kullum cikin shafa man zafi yake, har abokan aiki suna cewa kafin a ga Yaya hanci ya gaishe shi.

Auta kuwa aikin ya fita masa a rai. Rana ta gasa shi, inji ya bar masa rawar hannu, shugaban aiki yana zaune a mota gilashi a rufe. Ranar da matar wani gida ta miƙo masa ruwa a kwanon da karenta ke sha, ranar zuciyarsa ta juya.

"Yaya, haka za mu mutu muna yi wa ƙasar wasu aski?"

"Ci da zufa ba abin kunya ba ne, ƙanena."

"Zufar tamu, tumbin nasu."

Mai neman hanyar boka ba ya rasa mai kwatance. Da tsakar rana Auta ya isa wani ɗakin kwano a bayan juji, inda ko ƙaya ba ta tsiro. Ciki zafi kamar maƙera. An rataye tsummokara a igiya, riguna ne na mutane, sun bushe sun ƙame kamar fata. A tsakiyar ɗakin akwai baƙar tukunya, ciyawa ta cika bakinta, kore shar, alhali babu alamar ruwa a wurin. Bokan tsoho ne busasshe, leɓensa duk ya tsattsage.

"Cire rigarka," in ji boka.

Ya karɓa ya matse ta a kan tukunya. Ɗigo kaɗan suka sauka. Babu iska a ɗakin, amma ciyawar ta motsa, ta karkato wajen Auta.

"Ta karɓe ka. Me kake so?"

"Kamfanin kaina. Duk filin da na taɓa, kada mai shi ya sake kiran wani."

"Za a yi. Ciyawarsu za ta yi kyau, ta yi saurin da kafin su manta da kai sun sake nemanka."

Auta ya ce, "In jini ne, ba zan iya ba."

Boka ya yi dariya ba sauti. "Jini na 'yan koyo ne. Zufa take sha. Ka ɗinka wa ma'aikatanka riga iri ɗaya. Kullum ka karɓe su a jiƙe, ka matse mata da hannunka."

"Zufa ai a banza take zuba."

"Haka kowa ke cewa in ba tasa ba ce. Ka dai riƙe wannan: tukunya ba ta san dangi ba, riga ta sani. Kuma ba ta azumi."

Auta ya rungumi tukunya ya tafi, bai tambayi abin da za ta sha ba in zufa ta ƙare.

Kafin a ce me, motoci masu tambarin koren ganye sun cika unguwannin masu hali. Filin da Auta ya taɓa sai ya zama kamar darduma, a yanke yau, jibi ya kai idon sawu. Ya gina gida, ya ware wa tukunyar ɗaki ɗaya da mukullinsa ba ya barin aljihunsa. Matarsa da da take aron dutsen guga ta koma sai an yi sallama sau uku take amsawa, mata kuwa suka samu abin taunawa a bakin famfo.

Wanda ya sha rana shi ya fi sanin yadda ake gasa mutum. A tsohon kamfani ana hutawa a inuwa in rana ta take. Auta ya soke wannan. Ya sayi yadi mai kauri ya ɗinka korayen riguna masu dogon hannu. Da yamma ya tsaya a bakin sito yana taɓa rigar kowa, wanda tasa ba ta jiƙe ba ya ce malalaci ne. Ma'aikata suna mamakin maigidan da ke kwasar wanki da kansa.

Yaya, wanda ya biyo shi sabon kamfanin, shi kaɗai Auta ya hana riga.

"Ka zauna a ofis, Yaya, ka sha fanka."

"Ni da kujera? Ka bar ni da injina."

"To ka yi, amma da rigarka ta gida. Kai ba ma'aikaci ba ne."

Yaya ya ɗauki injinsa ya fita. Maganar ta soke shi, Auta bai lura ba.

Akwai wani ma'aikaci da ake kira Barkono, mai ba kowa dariya a bayan mota. Shi ya fara. Wata rana ya nuna wa 'yan'uwansa hannunsa ya ce, "Ku ga ikon Allah, na zama ɗan gayu, na daina zufa." Aka yi dariya. Ya riƙa kafa baki a tiyo yana sha har cikinsa ya kumbura, ƙishi bai tafi ba. Fatarsa ta yi fari tana zuba kamar dusa. Da ya mutu, masu wanka suka ce gawar ba ta fi nauyin dami ba. Bayansa mai tura baro ya bi, sannan mai feshi. Aka ce zafin bana ne. Wasu suka gudu, amma mai iyali ba ya zaɓen aiki, kullum da sababbi a bakin sito. Auta ya je ta'aziyya da babbar mota, ya dawo ya matse riguna.

Abin da bai sani ba, masu gadin gidaje sun fara tare Yaya a ƙofa. "Baba, ba riga ba shiga, haka aka ce mana." Dattijo ya tsaya a titi yana kallon yaran da ya koya wa aiki suna wucewa, suna tsokanarsa, "Yayan maigida, a riƙe mana inuwa." Kunya ta hana shi kai ƙara wurin ƙanensa. Sai ya riƙa zarar riga ɗaya a mota, in an tashi ya cusa ta cikin tulin sauran.

Wata yamma Auta yana cikin ɗakin nan, ya matse wata riga har ɗigon ƙarshe, ciyawa tana lanƙwasa tana karɓa. Zai jefar da ita sai wani wari ya daki hancinsa daga wuyan rigar. Man zafi.

Ya fito da gudu ba takalmi. Ya tarar da Yaya zaune a bakin famfo da bokiti tsakanin ƙafafunsa, goshinsa a bushe ƙamas.

"Yaya, tun yaushe kake sa rigar?"

"An jima. Kada ka yi faɗa, ƙanena. So nake a san ni ma na kamfaninka ne." Ya lashi leɓe. "Miƙo min moɗa. Ban san me ya sa ruwan yanzu ba ya kashe ƙishi ba."

Washegari Auta ya koma bayan juji. Boka bai ko ɗaga kai ba.

"Ka karɓi kamfanin, ka karɓi gidan, ka sakar min Yayana."

"Ka taɓa ganin ƙasa ta mayar da ruwan da ta sha?"

"To na daina ba ta."

"Na gaya maka ba ta azumi. In ba ka kai mata ba, za ta nema da kanta, kuma da na kusa take farawa."

Auta ya ƙone rigunan, ya sallami ma'aikata. Bai hana komai ba. Yaya ya cika yana riƙe da hannunsa, yana tambaya ko an gama filin gidan mai karen nan, don bai so a bar layi a karkace. Auta ya so ya yi kuka, hawaye ya ƙi zuwa.

Bayan an share makoki ciyawa ta ɓullo ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin, ta bi tsagin tayil, ta shiga falo, ta hau gado. Auta ya fasa tukunyar da guduma, saiwa ta riga ta shige ƙasa. Matarsa ta fara cewa tana jin ciyawa tana kiran sunanta. Ta riƙa kwara ruwa a kujeru tana roƙo, "Sha wannan, ki bar ni." Da 'yan'uwanta suka zo ɗaukarta, a cikin randa suka same ta tsugune, ba ta gane kowa ba. Filayen masu hali suka ƙone a mako guda, motoci suka yi tsatsa a bakin sito.

Shi kuwa yana nan. Ya yanke falo, kafin ya gama ɗaki falon ya tashi. Masu leƙe ta katanga, kuma ba su da kaɗan, sun ce yini yake yana tura inji, rigarsa a bushe.

Duk mai ɗaukar mutum aiki ya ji da kyau. Zufar da kake gani tana ɗiga a ƙasa ba a banza take zuba ba, tana da mai ita, kuma Allah yana gani. Wanda kwaɗayi ya sa ya mayar da ita abin sha, ya sani ƙishin ba ya tsayawa a kan bare. Sai ya shigo gida ya nemi wanda ka fi so.