Gorar Basiru

"Sufyanu, wa ya aike ka?!"

Haka na tare shi a ƙofar gidanmu na Wara, ko sallamarsa ban amsa ba. Saura wata biyu a ɗaura mana aure, amma ranar ji nake kamar in shaƙe shi.

"Wallahi murna ce, Hamdiyyata... Cewa na yi bari Inna ta ga bidiyon kofin da kinka ci."

"Har da wurin ruwan?"

Ya sunkuyar da kai. Sufyanu ke nan, zuciya fara tas, baki kuwa babu linzami.

Shekara tara ke nan da kwalekwalen yayana Basiru ya kife a tafkin Kainji. Ranar da aka tsamo shi Inna ta rantse babu wani nata da zai ƙara taka ruwan nan, ita kanta ko wanki ta daina zuwa. Shi ya sa da na ce doki nake so, gari ya yi ta dariyar 'yar masunta a kan sirdi, ita kuwa ta sa albarka. Doki dai a tudu yake tafiya.

Abin da na ɓoye mata, gasarmu kashi uku ce. Akwai takun ƙasaita, akwai tsallake shingaye, sai sukuwar daji, inda doki kan haure gungume ya faɗa ruwa. Nan ɗin kuma na fi kowa. Sau uku ina zama zakara, yanzu an zaɓe ni gasar ƙasar waje.

Inna ta fito idanunta jawur.

"Na gani da idona, ruwa ya rufe ki ruf! Shekara nawa kina cin amanata?"

"Inna, feshi ne, ruwan ba shi da zurfi..."

"Haka Basiru ya ce min! Ko ki bar dokin ga, ko ki bar kirana Inna."

Na ɗaga kai na dube ta.

"Ɓoyon da na yi laifi ne, ki gafarce ni. Amma ba ni barin doki, kuma ba ni barin ki."

Ta shige ɗaki. Na juya kan Sufyanu.

"Kai ma in matar da ta sauka daga doki kake nema, hanya a buɗe take."

"Wadda ke bisa doki na gani na ce ina so," in ji shi. "Ni na ɓata, ni zan tsaya."

Washegari da hantsi na ɗaura wa dokina Akawal sirdi. Da can nesa da gari nake atisaye, ranar kuwa na sa Sufyanu ya gangaro da gungume bakin ruwa, gaban masu wanki da masu gyaran komar kamun kifi. Na gaji da ɓoyo.

Na ja baya, na saki linzami. Akawal ya haure, muka faɗa, ruwa ya tashi sama. Da na share fuska sai na hango Inna tsaye a gaɓa, riƙe da gorar da Basiru ke tura jirgi da ita, wadda take jingine a ɗakinta tun rasuwarsa.

Ba ta dube ni ba. Ta tuɓe takalmi, ta tattare zane, ta shigo ruwan! Masu wanki suka tsaya kallo. Ta tako har gindin Akawal, ta caka gorar, ta zaro, ta dubi inda ya jiƙe. Bai kai kamu guda ba.

"Na wurin gasar ma haka yake?"

"Bai kai haka ba, Inna."

"Inda Basiru ya tafi, gora biyu anka haɗa ba ta taɓa ƙasa ba." Hawaye suka zubo mata. "Wanga ko agwagwa ta raina shi."

Na diro na rungume ta, ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Inna, rantsuwarki..."

"Ni na yi ta, ni ke kaffara." Ta share min fuska da gefen mayafinta, ta miƙa wa Sufyanu gorar. "Riƙe, sarkin surutu. Ke kuma koma ki sake. Ban ji bisimillarki ba kafin ki faɗo, ɗiyar masunta ba ta shiga ruwa haka."