Wa Ya Kashe Ƙananan Hantar Auta?

"Wai shi ne ya kashe su!"

Auta ba ta juyo ba. Tana tsaye gaban akwatin ɗumi na ɗakin gwaji, ƙofarsa a buɗe, farantin roba a hannunta. Ruwan cikinsa da ta sani ja-ja garai, yau ya koma rawaya, ya gurɓace kamar ruwan da aka wanke kwano.

Ta ɗauko na biyu.

Rawaya.

Na uku ma haka...

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta faɗa a hankali cikin takunkumin da ya rufe mata baki da hanci.

Mai maganar tana jingine a bakin ƙofa. 'Yar Gwal ake ce mata, saboda haƙorin gwal da take haskawa in za ta yi dariya. A ɗakin ɓeraye take aiki, tare da Likita, saurayin Auta wanda manya suka riga suka tsayar musu da magana.

"Ni fa abin da na ji nake faɗa miki, ƙawata. An ga Likita ya fito daga wajen ɓeraye da kwalbar ruwan shansu, ya shigo nan kai tsaye."

"Wa ya gan shi?"

"An dai gan shi."

"Don me zai yi min haka?"

'Yar Gwal ta taɓe baki. "Ke ma kin sani. Wane namiji ne zai so amaryarsa ta tsallaka wata ƙasa karatu ta bar shi da filo?"

Abin da ke cikin farantan nan ƙananan hanta ne, kowace ba ta wuce ƙwayar yashi ba. Daga ragowar hantar mutane da aka yi wa tiyata Auta ta rene su, da yardar masu ita, don a riƙa gwada magani a kansu maimakon a ɗura wa ɓera a jira ya mutu. Renonsu ya fi na jariri wuya. Kullum sai an canja musu ruwan abinci, ba a shiga ɗakinsu sai da safar hannu da takunkumi, ba a shiga da waya, kuma wanda ya taka ɗakin ɓeraye a yini ba ya taka nasu sai ya kwana.

Su za ta nuna wa kwamitin da zai zaɓi matashin da za a tura dogon horo ƙasar waje. Da aka kira ta wata bita ta masu fara bincike a wani gari, inda ake koyar da yadda ake kare aiki a gaban kwamiti, sai ta rasa wanda za ta bar wa amanarsu. Likita ya ce shi zai yi.

Ta dawo ta tarar da gawa.

Farfesa, shugaban sashen, ko tashi daga kujera bai yi ba da ta kai masa labari.

"Na gaya miki, 'yata. Ɓera ba ya ruɓewa don an yi masa numfashi. Da ɓera muka yi karatu, da ɓera malamanmu suka yi."

"Amma ranka ya daɗe, magunguna nawa ne suka wuce ɓera lafiya suka zo suka ƙona hantar mutum?"

"Wannan kuma sai ki faɗa wa kwamiti. Ki nuna musu ruwan rawaya."

Haka manya suke. Abin da suka tarar shi ne gaskiya, ko da kuwa ya daɗe yana ba su kunya.

A gida ma labarin ya riga ta isa. Goggonta, ƙanwar mahaifinta, ta zo musamman, ta zauna a tsakiyar falo ta miƙe ƙafa.

"Ni da ma tun farko yaron nan bai kwanta min ba! Mutumin da ya wuni yana shafa ɓera? Me za ki ce wa 'ya'yanki in sun tambayi sana'ar ubansu?"

"Goggo, likitan dabbobi ne fa..."

"Likitan ɓera dai! Ga shi ya yi miki halin abokan aikinsa, ya shiga ya yi ɓarna ya fita."

Mama ta ce, "Kin tambaye shi, Auta?"

"Me zan tambaya, Mama? In ya yi, zai ce bai yi ba. In bai yi ba, zai ce bai yi ba. Amsa ɗaya ce."

"To me za ki yi?"

"Zan gwada."

Mama ta tashi ta shiga ɗaki.

Shi kuwa Likita ya yi ta kiranta, tana kallon wayar har ta yanke. Ya tare ta a matakala, idonsa ja.

"Sanyin idona, ki yafe min. A hannuna suka mutu."

"Ka shiga ɗakin ɓeraye kafin ka taɓa su?"

Ya ja da baya kamar ta mare shi.

"Ke ma kin yarda da wannan maganar?"

"Ban yarda ba, ban ƙaryata ba."

Ta wuce shi.

A ƙarshen barandar bene akwai ɗakin binciken ƙwayoyin cuta, kuma babbar da ke riƙe da shi kowa Anti yake ce mata. Auta ta kai mata farantan a leda ta yi bayani. Ƙwayoyin da ke zama a jikin ɓera daban suke da na mutum. In ruwan shan ɓera aka zuba, za a gani.

Anti ta ɗaga faranti ta duba a hasken taga.

"Zan faɗa miki wace ƙwaya ce. Iyakacin abin da na'urata ta sani ke nan, ɗiyata. Ba ta karanta zuciya."

"Ya ishe ni, Anti."

"Allah ya sa."

Da sakamako ya fito, Anti da kanta ta leƙo ta kira ta.

"Babu ɓera a ciki. Ko ƙamshinsa babu. Ƙwayar bakin mutum ce, irin wadda ke maƙogwaron kowa."

Auta ta dafa bango. Alhamdulillah! Ta sauko matakala da sauri za ta neme shi, sai ta yi karo da 'Yar Gwal, ta faɗa mata cikin murna.

'Yar Gwal ta riƙe haɓa.

"Bakin mutum? Innalillahi! Ke nan tofi ya yi musu? Wallahi da ruwan ɓeran ne ma da ya fi sauƙi."

Murnar Auta ta koma ciki.

Ai kuwa. Wanda ya sa takunkumi, ta ina ƙwayar bakinsa za ta faɗa faranti? Ko dai wani ne ya shiga? Ko 'Yar Gwal ɗin ce da kanta? Ta koma wajen Anti.

"Za a iya gane bakin wa?"

"In aka shafo maƙogwaron mutum aka kwatanta, ana iya gani ko iri ɗaya ce." Anti ta sauke tabarau. "Kada ki yi, Auta."

"Don in wanke shi ne, Anti."

"Je ki tambaye shi da baki."

Ta ɗauki tsinken auduga a cikin ledarsa ta fita.

Ta same shi a ƙaramin ofishinsa da hantsi, shayi ya huce a gabansa. Da ya gan ta fuskarsa ta washe, ya miƙe har yana ture kujera.

"Rabin raina! Kin huce?"

Ta ajiye tsinken a kan tebur.

Ya dube shi. Ya dube ta. Shi ma ma'aikacin gwaji ne, ba ya buƙatar bayani.

"Nawa za ki ɗauka?"

"Don a rufe bakin mutane ne... in ba naka ba ne, shi ke nan."

"In nawa ne fa?"

Ta kai hannu ga ledar tsinken.

"Auta, ga ni a gabanki. Ki ce, me ya faru? Zan faɗa miki."

"Magana ba hujja ba ce. Kai ma haka aka koya maka."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya koma ya zauna, ya ɗaga kai.

"Bismillah, Malama. Sa safar hannu, kada ki ɓata samfur."

Ya buɗe baki.

Ta shafo maƙogwaronsa. Ya shaƙe, hawaye suka cika masa ido, irin wanda tsinke ke jawo wa kowa. Sai dai bayan ta cire tsinken ma ba su tsaya ba.

"Masoyi..."

"Rufe min ƙofa in kin fita."

Daga ranar bai sake kiranta ba.

Kwamiti ya zo ya tafi. Auta ta tsaya gabansu da hotunan hantar tun suna raye, ta yi bayani yadda aka koya mata a bita, suka saurara da ladabi, suka ce aikin yana da kyau, ta sake nema in ta samu masu rai. Wani yaron Farfesa mai ɓeraye aka zaɓa.

Sannan Anti ta kira ta.

"Iri ɗaya ce. Tasa ce."

Auta ta zauna a ƙasan ɗakin, a kan tayil mai sanyi, ta rufe fuska. Shi ke nan. Shi ne!

Da ta koma gida ta tarar da takalman baƙi a ƙofar falo. Kawun Likita ne ya zo da wani dattijo. Ba su daɗe ba. Sun ce yaro ya ce a yi haƙuri, a bar maganar auren, ba tare da ya faɗi laifin kowa ba.

Goggo ta rangaɗa shewa. "Ya ga asirinsa ya tonu ya riga mu! Allah ya raka taki gona..." Mama ta daka mata harara, ta haɗiye sauran.

Washegari Auta ta nufi ofishinsa a fusace. Ta tarar yana zuba littattafai a kwali. Ya nemi canjin wurin aiki, an ba shi.

"Taka ce!" ta faɗa tun daga ƙofa. "Ƙwayar bakinka ce! Me na yi maka? Da ka ce kada in tafi, wallahi da na zauna!"

"Na san tawa ce. Tun ranar da na ga ruwan ya juya na sani."

"Ka sani?"

Ya ajiye littafin da ke hannunsa.

"Ana gobe za ki dawo, kin tuna kin kira ni lokacin hutun rana? An sa ki gwajin magana gaban mutane, wani malami ya yi miki kaca-kaca. Kina kuka."

Ta tuna.

"Na ce miki ina cikin ɗakin, farantai a buɗe, zan kira ki in na fito. Kika ce a'a, yanzu kike so. Na jingina wayar na ci gaba da aiki ina lallashinki. Kika ce ba kya ji na. Kika ce, don Allah Masoyi cire abin nan daga bakinka, muryarka nake so in ji."

Ta kama ƙofa.

"Ka cire..."

"Na cire. Laifina ne, ni na shiga da waya, ni na san doka. Sai da kika yi dariya na mayar."

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Me ya sa!"

"In faɗa wa wa? Farfesa, ana gab da kwamiti, ya ce ke kika sa aka karya dokar ɗakinki? Na ce bari ki huce, mu zauna mu biyu. Sai kika zo da tsinke."

"Ka yafe min... don girman Allah ka yafe min. Mu je wajen Kawu yanzu, ni zan durƙusa masa!"

"Na yafe miki tun kafin ki fita daga ɗakin nan ranar." Ya ɗaure kwalin da igiya, a hankali, bai dube ta ba. "Amma na yi tunani, Auta. Gobe in aka ce an gan ni da wata, me za ki shafo? Ba zan iya zama da ke ina jiran sakamako ba."

"Ba zan ƙara ba! Wallahi ba zan ƙara ba, Hasken raina..."

"Ki sake renon su. Aikinki gaskiya ne, ko Farfesa ya ƙi. Na wuni da ɓeraye shekara da shekaru, na fi kowa son ranar da za a daina buƙatarsu." Ya ɗauki kwalin. "Kada dai ki ƙara bar wa mai sonki."

Ta matsa masa ya wuce. A baranda 'Yar Gwal ta taso da fara'a za ta karɓar masa kaya, ko kallonta bai yi ba. Auta ta bi shi da ido har ya sauka matakala, tana jin takunsa yana raguwa.

Bai waiwayo ba.

Ta sake renon hantar daga farko, ita kaɗai, ba ta ƙara tafiya ko'ina ta bar su ba. Har yau a sashen akwai masu cewa ruwan ɓera ya zuba, akwai masu cewa tofi ya yi.

Bai shiga ɗakin ɓeraye ba a duk kwanakin da ya riƙe mata su, musayar aiki ya yi da abokinsa. Bai zuba komai ba, bai tofa komai ba. Ya sauke takunkuminsa ne don ta ji muryarsa, numfashinsa ya sauka a farantan, suka mutu.