Inci Ɗaya da Rabi

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Asabar aka bugo wa Sufeto Wendell Pruitt waya daga filin gwajin harbi na bayan gari. Bindiga ta fashe a hannun mutum, kuma mutumin bai shura ba.

Ya iske gawar Cody Brandvold a kan dusar ƙanƙara, an rufe ta da bargon mota. Hannun hagu ya dagargaje. Amma abin da ya kashe shi wani tsinken ƙarfe ne da ya shige masa gefen wuya.

Sufeto ya tsuguna gaban bindigar. Bututun lafiya lau. Kwanson da ke lulluɓe bututun, inda maharbi ke riƙewa da hannun hagu, shi ne ya yage kamar gwangwani.

"Kai ne mai gadin filin?"

"Ni ne, yallaɓai. Lyle." Ya dubi bindigar. "Harbi uku ya yi. Na ukun ne."

"Me ya fasa ta?"

Lyle ya nuna da tsinken ashana. "Ka ga wannan ƙarfen mai huji-huji a bakin bututu? Birki ne, shi ke rage dukan bindiga a kafaɗa. Wuta da iska ta gefe suke fita. Dole ya zauna a waje, a sarari. Nan kuwa kwanson ya haɗiye shi. Wutar ba ta da hanyar fita sai ta cikin tafin hannunsa."

Saja Marlene Oakes ta ɗora ma'auni. "Inci ɗaya da rabi ya rufe."

"Wa ke masa gyara?"

Lyle ya ce, "Duk garin nan wa muke da shi in ba Baba Harlan ba? Amma ba aikinsa ba ne wannan. Tsohon nan ya taɓa korata daga shago a kan rabin inci."

Matar mamacin, Jolene, ta karɓe su a kicin, kofin gahawa ya huce a gabanta.

"Yana da abokin gaba?"

"Babu. Kowa nasa ne."

"Shi yake gyara bindigarsa da kansa?"

Ta yi wata dariya mara daɗi. "Cody? Ko ƙwan lantarki sai na canza masa." Ta miƙo waya. Hoton makon jiya ne, Cody riƙe da bindigar, kwanson gajere, birkin a waje tsaf, ga jan salatif naɗe a inda yake riƙewa. "Ran Laraba ya kai wa Harlan Tuttle bindigar ya sassauta masa kunamarta. Ya dawo yana murna wai an yi masa kyautar sabon kwanso."

Tana faɗin sunan ta kawar da kai.

A mota Marlene ba ta tayar da injin ba.

"Ƙarya ta yi da ta ce ba shi da abokin gaba, yallaɓai. Lokacin kana birni wajen kwas. Shekara huɗu ke nan, a farautar barewa, Cody ya ga motsi a cikin itatuwa ya saki harsashi. Ashe Tess ce ya kashe, 'yar Harlan tilo. Kotu ta ce tsautsayi."

"Kuma yake kai masa bindiga?"

"Harlan ya rungume shi a coci, gaban kowa, ya ce ya yafe. Har limamin ya yi kuka."

Sufeto ya nuna mata titi. "Mu je."

Shagon na warin mai da ƙarfe. Harlan na tsaye bayan tebur, tabarau a kan hanci, yana goga wani ƙaramin ƙarfe. Bai ɗago ba.

"Wendell. Bindigar babanka ta sake cijewa ne?"

"Cody ya mutu, Baba."

Hannun tsohon ya tsaya. "Ya mutu?"

"Ba abin da ka zata ke nan ba?"

"Ban zaci komai ba. Kunama na gyara masa, shi ke nan."

"Kwanson fa?"

"Yaran yanzu su sayo kaya ta waya su ɗaura da kansu. Ina ruwana?"

"Matarsa ta ce kyautarka ce."

"Mace cikin takaici komai ma sai ta faɗa."

Marlene ta zagaya bayan tebur. Ta janyo durom ɗin tarkacen ƙarafa, ta zura hannu har gwiwa. Abin da ta fito da shi kwanso ne gajere, da jan salatif naɗe a tsakiya. Ta ajiye shi a kan tebur, shi ne sak na hoton da Jolene ta nuna musu.

Harlan ya ƙura wa kwanson ido.

Sufeto ya sassauta murya. "Baba, in ka ce idonka ne ya gaza, lauya zai iya yin wani abu da maganar."

Harlan ya cire tabarau ya ninke. "Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa kuskuren awo ba. Ba zan fara yau don in tsira ba." Ya zauna a kan kujera. "Na yafe masa, Wendell, da gaske na yi. Sai ran Laraba ya shigo yana fito. Ya ce in sassauta kunama, wai tana masa nauyi, yana son da ya ga motsi ta tashi. Da ya ga motsi! A gabana ya faɗa, yana dariya. Bai ma tuna ba."

"Sai ka ba shi kyauta."

"Hannun na so. Hannun kawai, don kada ya ƙara riƙe bindiga."

"Akwai mutum shida a layin harbi yau da safe. Ɗaya da 'yarsa ya zo."

Sai yanzu fuskar tsohon ta sauya.

Marlene ta ciro ankwa. Harlan ya tashi, ya kashe murhu, ya ɗauko makullin shago ya miƙa wa Sufeto.

"Akwai bindigogin mutane goma sha ɗaya a ciki. Ka ce musu duk na gama, lafiyarsu ƙalau."

"Wa zai yarda ya harba su yanzu, Baba?"

Harlan ya miƙa hannuwansa biyu, suka fita da shi.