Ruwan Zafin da Sahabi Ya Watsar

A shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau, Sahabi kaɗai ke wankin gyambo a ɗakin shan magani. Tun hantsi leburori ke jere, ga ƙuda, ga wari, ga likita mai tsawa, kuma ba mai cewa sannu. Ran nan ko la'asar bai samu ya yi ba. Da magariba ta kawo jiki, ya sauke tafasasshen ruwan da ya dafa almakashi, wanda maganin gyambo ya rina shuɗi, ya watsa shi gindin tsamiyar bayan ɗaki. Babu bisimilla, sai tsaki.

Yana jan ƙyaure ya ji sallama, murya kamar daga cikin tulu. Wata mata ce lulluɓe, da goyo.

"An tashi, Inna. Ki dawo da safe."

"Ba ya kai safe, Malam."

Ya kunna fitila yana gunaguni, ta kwance goyon. Bayan jaririn duk ya saluɓe, har yanzu tururi yake, amma ko kuka ba ya yi.

"Ke wace irin uwa ce?" in ji Sahabi. "Wa ya yi mai wanga aiki?"

"Zaune muke ƙofar gidanmu muna cin tuwo," ta ce. "Ko gafara ba a ce muna ba."

Ya matso da fitila. Warin maganinsa ya bugi hancinsa. Daga bakin zanenta ruwa ke ɗiga kan daɓe, shuɗi, da sauran zafinsa.