Ɗakin Da Aka Rushe Sau Biyu

Ranar da Sharifa ta fara ganin Mika'ilu, siminti ya yi masa furfura tun bai kai talatin ba. Ta kai wa matar Singh ɗinki a unguwar Shango, shi kuma yana kan katanga yana jera bulo, don shi ne birkilan Singh, ɗan kwangilar nan Ba'indiye mai rawani. Ta ce masa sannu Baba, ya ce yauwa jikata. Daga nan zance ya ƙullu.

Mahaifinta Malam Mudi sharaɗi ɗaya ya kafa: ɗaki kafin damina, in babu a bar maganar aure. Mika'ilu ya tayar da gini a unguwar Kpakungu. Ana gab da rufi, Ndanusa, wani ma'aikaci mai hanya da Sharifa ta ƙi aurensa, ya sa aka rushe, wai babu takardar izini. Da tsegumi ya ishe shi sai ya sa aka sake ginawa har da fenti, yana yawo yana faɗin ko ta ƙi ko ta so, ƙarƙashin kwanonsa za ta kwana.

Mika'ilu ya so ya haɗiye fushinsa ya karɓi ɗakin, ganin hadari ya fara haɗuwa. Sharifa ta ji haushinsa ƙwarai, har ta daina fitowa zance.

Matar Singh ce ta ga ta rame, ta ba ta labarin Akal Takht, majalisar ƙoli ta mabiya addinin Sikh a garin Amritsar, inda ake yanke musu hukuncin addini da na duniya. Shekara biyu da suka wuce, a 1984, sojojin gwamnati suka ragargaza ginin, gwamnati ta gyara. Bana jama'a suka rushe gyaran, suna sake ginawa da hannunsu, maza da mata.

Sharifa ta rubuta wasiƙa: “Birkilana, mutanen Singh ba su karɓi gini daga hannun wanda ya rushe musu ba, ni ma ba zan karɓa ba. Gara ruwa ya dake ni a fili. Taka har abada, jikarka.”

Washegari Mika'ilu ya ɗauki guduma. Singh ya ara masa injin buga bulo, Sharifa da ƙawayenta suka riƙa jido ruwa. Malam Mudi ya iso a fusace, yana tambayar wane mahaukaci ne ke rushe ɗaki damina na bisa kai.

Sharifa ta sauke bokiti, ta durƙusa. “Baba, ɗaki ka ce. Ba ka ce ɗakin Ndanusa ba.”

Tsohon ya daɗe yana kallon hannunta da ya yi kanta. Sai ya naɗe hannun riga, ya ce a miƙo masa bulo.

Ruwan farko ya sauka saura kwana biyu a yi rufi. Maƙwabta suka tuna wa Malam Mudi sharaɗinsa, ya ce shi dai bai ga ruwa ba.

Ran Juma'a aka ɗaura aure. Malam Mudi ya raka 'yarsa har bakin ɗakin, ɗaya tak, ba fenti, ya dafa bango ya ce, “Allah ya zaunar da ku lafiya. Wannan ba mai yi muku gori a kansa.”