Lomar Tuwo Ba Miya

"Salihatu! Wai ina gwangwanin sukarin nan ya shiga ne?"

Salman ne tsaye a ƙofar kicin da kofin shayi a hannu, yana leƙa bayan tukwane kamar mai neman ɓera. Matarsa Salihatu tana tsugune tana tsinke zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ya yi tafiya, Yallaɓai."

"Zuwa ina?"

"Bai bar adireshi ba."

"Haba Bebi, cokali ɗaya fa! To ko daga nesa ki nuna wa shayin gwangwanin, ko ya ji kunya ya yi zaƙi."

Ta tuntsire da dariya har ganyen ya zube. "Sori! Ga alala nan da ƙwai, ka ci ka kama hanya. Makullin mashin kuma yana wurina, sai ka taka."

Ya ci yana ƙunƙuni, ya fita yana murmushi. Haka suke kullum, kamar 'yan wasa.

Shekara ɗaya ke nan da aurensu. Salman yana da shagon kayan mashin a kasuwar Kontagora, zaune yake tun safe har magariba, lemon kwalba uku a rana, ga tsire da yamma. Tumbi ya fito masa har maɓallin riga yana neman agaji. Da ƙishirwa da kasala suka dame shi suka je asibiti, wata nas mai suna Sista Lahadi ta auna jininsa ta ce ciwon suga bai shigo ba tukuna, amma yana bakin ƙofa yana sallama. Gaban Salihatu ya faɗi, domin ciwon nan shi ya yi ajalin mahaifin Salman, bayan wani gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Iyakarta sakandare, amma ranar sai da ta gajiyar da nas ɗin nan da tambaya. Tun daga nan ta rage masa tuwo, ta ƙara ganye da wake da kifi, ta kori lemo daga gidan, ta sa shi tafiyar ƙafa zuwa kasuwa. Cikin wata huɗu tumbi ya sace, barci ya yi daɗi.

To, a nan aka samu matsala.

Mahaifiyarsa Hajja tana zaune a Kaboji, inda sabis ɗin waya ke zuwa ya ɗauke. Da kira ya ƙi shiga, sai Salman ya tura saƙon tes a wayar yayarsa Saudatu don ta karanta mata. Ga abin da ya rubuta: "Hajja kada ki damu da ni. Yanzu dai kullum sai rama, Salihatu ce ta sa ni."

Shi kwaɗon ganyen rama yake nufi, bawan Allah. Ita kuwa Saudatu ta ja kalmar yadda ta zo mata a baki, ta koma ramar jiki. Ga shi kuma wani direba ya riga ya ba da labari a garin cewa ya ga Salman yana tafe a ƙasa cikin rana, wando yana yawo a ƙugunsa.

Washegari da hantsi sai ga Hajja a ƙofar gida, da doya da man shanu da galan ɗin zuma. Ran nan Juma'a ce, Salman bai fita ba. Tana ganinsa ta saki jakarta.

"Innalillahi! Auta, kai ne wannan? Ina sauranka?"

"Hajja, sannu da hanya. Lafiyata ƙalau wallahi..."

"Rufa min baki! Da hannunka ka rubuto kana ta rama."

"Rama ta kwaɗo fa, Hajja! Mai ƙuli!"

"Au, ganye take ba ka? Akuya na haifa?"

Salihatu ta durƙusa har ƙasa ta miƙo ruwa. Hajja ta kawar da kai. "Ajiye. Na ba ki yaro kamar buhun masara, kin mayar min da shi kara. Mutanen Kaboji har gaisuwa suke zuwa yi min, wai Allah ya ƙara sauƙi. Wace matar kirki ce mijinta zai rasa tumbi? Me za a ce ana dafawa a gidan?"

"Hajja, a asibiti aka ce..."

"Ni za ki gaya wa suga? Shekara shida na yi jinyar Malam. Ko ƙwayar sukari ban bari ta shiga bakinsa ba. Amma ban hana shi abinci ba! Malmala uku yake tashi da ita, safe da dare."

Daga nan ta yanke hukunci: gobe da safe Salihatu ta haɗa kayanta ta tafi gidan ubanta. Ita Hajja za ta zauna ta mayar wa ɗanta jikinsa, in ya cika a duba ko akwai sauran zama.

Salman ya zube a gabanta. "Hajja, ki yi min rai. Ban taɓa tsallake maganarki ba, amma yarinyar nan ba ta cuce ni ba."

"To zaɓi. Ko ta tafi, ko ni in tafi, kuma kada ka ƙara taka Kaboji."

Salihatu ta shige ɗaki hawaye na zuba. Ya biyo ta ya tarar ta jawo akwati.

"Bebi, ajiye akwatin nan. Babu inda za ki."

"Kada ka yi jayayya da mahaifiyarka a kaina, ba zan ga da kyau ba. Ni ba tafiyar ce ke ba ni tsoro ba." Ta share ido. "Wata biyu a hannun Hajja da sakwara da zuma, sugan da ke bakin ƙofa sai ya shigo har ɗaka ya shimfiɗa tabarma."

Duk da kukan sai da ya yi dariya. Ita ma ta yi, tana jan hanci.

Hajja kuwa ta ƙwace kicin. Kafin a sauko daga masallaci ta tuƙa tuwon shinkafa fari tas, ta jera malmala huɗu a faranti, man shanu yana iyo a kan miyar kuka. Ta zaunar da ɗanta a tsakar gida.

"Cinye. Babu sukari ko ɗigo a ciki, balle a ce na saɓa wa likita."

Salman ya dubi tuwon, ya dubi ƙofar ɗaki. Sai ga Salihatu ta fito a hankali, ta durƙusa nesa kaɗan, kanta a sunkuye.

"Hajja, zan tafi kamar yadda kika ce. Alfarma ɗaya nake roƙo kafin nan."

"Ina jin ki."

"Ki ɗauki loma ɗaya ta tuwon nan, ba miya. Ki yi ta taunawa, kada ki haɗiye sai kin yi salati hamsin a zuci."

"Ji min yarinya! Wasan yara za ki yi da ni?"

"In ba ki ji komai ba, wallahi yau ɗin nan zan tafi, ba sai gobe ba."

Hajja ta harare ta, ta gutsuro tuwon ta jefa a baki don a wuce wurin. Ta tauna. Ta tauna. Can sai muƙamuƙinta ya rage sauri, ta tsuke fuska, ta dubi farantin.

"Wa ya taɓa min tukunya?"

"Babu kowa, Hajja," in ji Salman. "Ke kaɗai ce a kicin ɗin."

"To zaƙin nan daga ina?"

"Daga shinkafar ne," Salihatu ta ce da sanyin murya. "Haka Sista ta sa na gwada da kaina. Tuwo da doya da burodi, duk in suka shiga jiki sukari suke komawa, tun daga yawun baki ake fara aikin. Manomi da ke noma wuni guda yana ƙone nasa. Shi kuwa ɗanki zaune yake a shago, sai abin ya taru a jini, kitsen ciki kuma ya hana jiki sarrafa shi. Ba hana shi tuwo na yi ba, Hajja. Ɗaya nake ba shi maimakon huɗu, in cike wurin da ganye da wake, ya taka ya ƙone sauran."

Hajja ta ƙura wa tuwon ido. Ta sake gutsuro wata lomar, ta tauna ta daɗe. Sai ga hawaye shar a kumatunta.

"Malmala uku," ta ce a hankali. "Safe da dare. Ina ɓoye gwangwanin sukari a ƙarƙashin gado, ina tura wa Malam shi a faranti. Ashe ni ce..."

"A'a, Hajja!" Salihatu ta matso ta riƙe ƙafarta. "Kada ki faɗi haka. Kwanan Baba ne ya ƙare. Babu wanda ya gaya miki, ni ma bara ban sani ba. Abin da kika sani kin yi, shekara shida ba ki gaji ba. Wa zai iya wannan?"

Tsohuwar ta dubi yarinyar da ta kora ɗazu, ga ta tana share mata hawaye da bakin mayafi. Ta ja dogon numfashi, ta jawo farantin, ta kwashe malmala uku ta mayar cikin kwano.

"Hajja, ki bar min biyu mana," in ji Salman. "Yau Juma'a fa."

"Ɗaya! Kuma kana gamawa ka tashi ka zaga unguwa." Ta juya. "Ke kuma 'yar nan, mayar da akwatinki. Ki yafe min, na so in raba ɗana da maganinsa. Ranar Litinin ki raka ni wurin Sistar nan taku, ni ma a tsaga min yatsa a duba."

"Wayyo ni!" Salman ya ɗora hannu a ka. "Da soja ɗaya ce a gidan, yanzu sun zama biyu!"

Suka kwashe da dariya su duka, har maƙwabta suna leƙowa ta katanga.

To 'ya'yana, kun dai ji. Da Salihatu ta ɗaga murya ta nuna wa surukarta ta fi ta sani, da aure ya mutu, da miji ya koma hannun ciwo. Haƙuri da ladabi suka ba gaskiyarta hanyar shiga. Mu kuma iyaye mu ji tsoron Allah, mu daina auna ƙaunar suruka da girman tumbin ɗanmu. Ciwon nan ba ya ihu in zai zo, ni abin da ke hana ni sukuni ke nan. Ku je a auna ku, ku ci ganye, ku taka ƙasa da ƙafafunku tun suna ɗaukar ku. Wadda ta rage maka loma don ka daɗe a duniya, riƙe ta da hannu biyu.