Layin Shayin Lado

Turai ta tsaya a layin mai shayi a tashar Dutsin-Ma, mace ɗaya tilo cikin maza, idonta jawur.

Duk tashar an san Lado da nawa. Sai ya sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi har mai jira ya manta da yunwarsa, ga shi kuma ba ya tashi daga tebur muddin akwai mutum ɗaya a tsaye. Da can wannan nawar ce ke burge ta, don ita ke ba su damar haɗa ido in ta zo saya wa babanta ranar da suka shigo kasuwa daga Kurfi. Yau kuwa ji take kamar ta kifar da tukunyar.

Da layi ya iso kanta, kofin hannunsa ya kusa suɓucewa.

"Turai... rabin raina..."

"Kar ka ƙara kirana haka!"

"Tsaya ki ji..."

"Jiya Baba ya tara dattawa a Kurfi tun azahar, don ka ce za ka zo da kawunka neman aurena. Har la'asar sakaliya suna kan tabarma, Lado! Inno ta dama fura, ta yi tsami a ƙwarya!"

"Wallahi na sa rigata. Sai ga Alu direba ya sauke min fasinjan babbar mota, mutum kusan arba'in, ya ce kowa ya sha. Mi zan yi? Ban taɓa korar mai jira ba."

Zuciyarta ta yi zafi. Alu da ta ƙi aurensa tun bara ya san halin Lado sarai, da halin nasa ya kama shi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tarkon ba ma wani mai wuya ba ne.

Ta sassauta murya.

"Baba ya rantse an gama magana. Da kuka na samu ya ce in ka zo da ƙafarka kafin azahar zai saurare ka. Ga motar Kurfi can tana cika. Rufe teburin nan mu tahi."

Lado ya dubi motar, ya dubi layin da ke bayan Turai. Mutum tara.

"Malam Lado, a taimaka mana!" wani ya yi kira.

"Masoyiyata... bari in sallami waɗannan kawai..."

Hannunsa har ya kai kan gwangwanin madara.

Ta juya ta shiga mota. Ta ɗora gyalenta a kujerar gefenta, tana cewa wurin da mai shi, yana zuwa. Sau uku direba na tambaya, sau uku tana roƙonsa.

A na huɗu wata tsohuwa mai kaza a hammata ta leƙo.

"Ɗiyata, da mutum a nan?"

Turai ta janye gyalen, ta rufe fuskarta da shi.

"Babu kowa, Iya. Zauna."